Azabtarwa da hujjar ceton rai: abin da birnin Alje ya gani a 1957

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin masana falsafa da alƙalai da hafsoshin soja, kuma takan dawo duk lokacin da tsoro ya lulluɓe wata al'umma. Ga yadda ake tsara ta: an kama mutum, an haƙiƙance ya ɓoye bam a wani wuri cikin gari, saura sa'o'i kaɗan bam ɗin ya tashi, shi kuwa ya ƙi buɗe baki. Shin ya halatta a gana masa azaba har ya faɗi wurin, domin a ceci mutanen da ba su ji ba ba su gani ba? Galibin mutane, in aka jefa musu tambayar a haka, sukan yi jim, sa'an nan su ce mai yiwuwa ya halatta, tun da wahalar mai laifi guda ba ta kai rayukan jama'a nauyi ba.

Wannan hujja ba a takarda kaɗai ta tsaya ba. An taɓa gwada ta a aikace, a cikin babban birni, da izinin gwamnati, har tsawon watanni tara. Birnin shi ne Alje, hedkwatar Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa, a shekarar 1957, lokacin da ƙasashen biyu ke ƙarƙashin tutar Faransa. Waɗanda suka yi azabar da waɗanda aka yi wa da waɗanda suka ƙi yi duk sun bar shaida, saboda haka ana iya auna hujjar da abin da ya auku.

Tsoron da ya buɗe ƙofa

Yaƙin neman ƴancin Aljeriya ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba 1954, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar FLN. A watan Maris na 1956 majalisar dokokin Faransa ta bai wa gwamnatin Guy Mollet iko na musamman domin murƙushe tawayen. A cikin wannan shekara tashin hankali ya shigo tsakiyar Alje. A watan Agusta wasu Turawa masu tsattsauran ra'ayi suka dasa bam a Kasba, tsohuwar unguwar Musulmi, gidaje suka rufta kan masu barci. Ranar 30 ga Satumba ƴan matan FLN suka ajiye bama-bamai a wuraren shan kayan sanyi na unguwar Turawa, ciki har da Milk Bar. Mutum uku suka mutu, wajen hamsin suka jikkata, har da ƙananan yara da suka rasa hannu ko ƙafa.

Wajibi ne a faɗi wannan tun da farko, domin duk mai son yi wa batun adalci ba zai rufe ido ga waɗannan yara ba. Barazanar ta gaske ce, tsoron mazauna birnin ma na gaske ne. Masu kare azabtarwa ba ƙirƙiro bama-baman suka yi ba. Abin dubawa shi ne ko maganin da suka zaɓa ya tsaya inda suka ce zai tsaya.

Ranar da tambayar ta zama gaske

Ranar 14 ga Nuwamba 1956 aka kama wani ma'aikacin masana'antar iskar gas ta Alje mai suna Fernand Iveton, Bature haifaffen Aljeriya, ɗan gurguzu mai goyon bayan ƴanci. An samu bam da ya shigo da shi masana'antar, wanda aka saita ya tashi da yamma bayan ma'aikata sun watse. Takardun da ke jikinsa sun nuna akwai bam na biyu. In har ya tashi kusa da rumbunan gas, ɓarnar ba za ta misaltu ba. Ga tambayar masana falsafa nan ta fito fili, ba ragi ba ƙari.

Wanda ke kula da sha'anin ƴan sanda a ofishin mulkin lardin Alje a lokacin shi ne Paul Teitgen. Wannan mutum ya san azaba a jikinsa, domin ƴan sandan asirin Jamus, wato Gestapo, sun azabtar da shi a lokacin yaƙin duniya na biyu kafin su tura shi sansanin Dachau. Aka nemi ya ba da izini a matsa wa Iveton, ya ƙi. Daga baya ya ba da labarin cewa ya wuni jikinsa na ɓari, yana jiran ƙarar fashewa, amma bai janye ba, saboda a ganinsa duk hukumar da ta taka wannan hanya sau ɗaya ba ta da wurin tsayawa.

Abin da ya biyo baya ya ƙunshi darasi biyu. Na farko, bam na biyu bai tashi ba, kuma ba ya hannun Iveton, domin an bar shi wurin matar da ta kawo masa na farkon. Na biyu, duk da hanin Teitgen, ƴan sanda sun azabtar da shi. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa cikin kwanaki kaɗan, aka sare masa kai ranar 11 ga Fabrairu 1957, alhali bai kashe kowa ba. Ko a wannan misali da ya fi kowanne kama da tambayar nan ta farko, masu azabar ba su da tabbacin da tambayar take ɗauka cewa suna da shi.

Yadda lalura ta zama aikin yau da kullum

Ranar 7 ga Janairu 1957 hukumomin farar hula, ƙarƙashin minista Robert Lacoste, suka miƙa ikon ƴan sanda na birnin ga Janar Jacques Massu da rundunarsa ta goma ta sojojin laima. Sojoji suka kwashe kundayen ƴan sanda, suka kewaye Kasba da waya mai ƙaya, suka shiga kame cikin dare. Yajin aikin kwana takwas da FLN ta kira daga 28 ga Janairu an karya shi da ƙarfi, aka ɓalle ƙofofin kantuna, aka tasa ma'aikata zuwa wuraren aiki.

Waɗanda aka kama ana kai su wasu gidaje da aka mayar wuraren bincike, kamar gidan da ake kira Villa Sésini da wani bene da ba a gama ginawa ba a unguwar El Biar. Hanyoyin sun zama sanannu: jona wa mutum wayar lantarki daga wani ƙaramin injin rediyon soja da suke kira «jejen», ɗura masa ruwa ko dulmiya kansa har numfashi ya kusa ɗaukewa, rataya da duka, da cin zarafin mata. Tambayar da ake yi kuwa ba kullum ta wurin da bam yake ba ce. FLN ta tsara kanta rukuni-rukuni, kowane mutum ya san abokan aiki biyu ko uku kawai. Saboda haka abin da ake nema shi ne suna: wa ke karɓar kuɗin gudummawa, wa ke kai wasiƙa, a gidan wa aka kwana. Kowane suna da ya fito yakan jawo sabon kame, sabon kame ya jawo sabuwar azaba. Mutumin da wuya ta kai shi bango yakan ambaci duk sunan da ya zo bakinsa, na mai hannu a ciki ko na maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Teitgen ne ke sa hannu a takardun tsare mutane, kuma ya riƙa lissafi. Bisa ƙidayarsa, ya sa hannu a takardu kimanin 24,000, daga cikinsu mutum 3,024 suka ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ɓacewar tana da dalili: wanda aka lalata wa jiki ba a iya gabatar da shi gaban alƙali ba tare da asiri ya tonu ba. Ta haka azaba ta haifi kisa, kisa kuma ya haifi ƙarya.

Ƙaryar dole ce, domin azabtarwa haramtacciya ce a dokar Faransa. Tun 1780 da 1788 Sarki Louis na 16 ya soke ta a shari'a. A birnin Paris aka amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya a 1948, wadda sashenta na 5 ya hana azabtarwa. Don haka, da aka rataye Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga cikin manyan shugabannin FLN, a farkon Maris 1957, sai aka sanar cewa shi ya kashe kansa. Da aka jeho lauya Ali Boumendjel daga saman bene ranar 23 ga Maris, haka aka sake faɗa. Maurice Audin, matashin malamin lissafi a Jami'ar Alje, mai shekara 25 da ƴaƴa uku, an kama shi ranar 11 ga Yuni, daga baya aka gaya wa matarsa wai ya tsere. Ba a taɓa ganin gawarsa ba. Shi Audin ɗan jam'iyyar gurguzu ne mai ba abokan gwagwarmaya mafaka. Ba a kama shi da bam ba.

Abin bai tsaya a Alje ko a 1957 ba. An kafa rukunoni na musamman masu wannan aiki a sassan ƙasar, kamar yadda masaniyar tarihi Raphaëlle Branche ta nuna a littafinta na 2001 bayan ta binciki kundayen soja. A 1960 ma, wata budurwa mai suna Djamila Boupacha ta amsa laifi bayan azaba da fyaɗe, har lauyarta Gisèle Halimi da marubuciya Simone de Beauvoir suka kai maganar gaban duniya.

Waɗanda suka ƙi

Akan ce wanda bai ɗanɗani yaƙi ba shi ke da bakin sukar soja. Tarihin Alje bai goyi bayan wannan magana ba, domin manyan masu ƙin azabar sun fito daga cikin gida. Janar Jacques Pâris de Bollardière, wanda ya yi fice a yaƙi da Jamus kuma yana cikin hafsoshin da suka fi yawan lambobin yabo, ya ƙi bin umarnin, ya nemi a sauke shi daga muƙaminsa. Da wasiƙarsa ta fito a mujallar L'Express a ƙarshen Maris 1957, aka yi masa horon tsarewa na kwana sittin. Shi kaɗai ne janar da ya fito fili ya yi haka a lokacin yaƙin.

A cikin watan nan Teitgen ya rubuta takardar murabus, inda ya bayyana cewa ya ga tabo a jikin tsararru irin wanda Gestapo ta bar masa shekaru goma sha huɗu da suka wuce. Ba a karɓi murabus ɗin ba, sai a Satumba ya bar aiki.

Henri Alleg kuwa, tsohon daraktan jaridar Alger républicain, an kama shi a gidan Audin ranar 12 ga Yuni. Ya yi wata guda a El Biar, ya sha lantarki da ruwa da allurar sa magana, bai ba da sunan waɗanda suka ɓoye shi ba. A gidan kaso ya rubuta abin da ya same shi a ƙananan takardu, lauyoyinsa suka riƙa fitar da su a ɓoye. Littafin, La Question, ya fito a Fabrairu 1958, an sayar da kimanin kwafi 60,000 kafin gwamnati ta hana shi a ƙarshen Maris. Hanin bai ƙara masa komai ba sai masu karatu. A shekarar nan masanin tarihi Pierre Vidal-Naquet ya bi diddigin labarin tserewar Audin ya nuna saƙar ƙarya ce.

Shin ta yi amfani?

Masu kare azabar suna da abin nunawa: kafin ƙarshen 1957 an wargaza tsarin FLN a Alje, bama-bamai suka lafa. Ba daidai ba ne a ce ba a taɓa samun bayani na gaskiya ta hanyar azaba ba. An samu, an gano maɓoyar makamai, an kama mutane. Wanda ya jingina ƙin azabtarwa a kan cewa sam ba ta aiki ya gina hujjarsa a kan yashi.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Bayan watannin farko na azaba mai tsanani, bama-bamai sun dawo a watan Yuni 1957, a tashoshin motocin haya da kuma gidan rawa na Casino de la Corniche. Kama Yacef Saadi, shugaban FLN na birnin, ranar 24 ga Satumba, da kashe Ali la Pointe ranar 8 ga Oktoba, sun samu ne musamman ta hanyar kutse: hafsa Paul-Alain Léger ya yi amfani da tsoffin ƴan ƙungiyar da aka juya, suka riƙa musayar wasiƙu da shugabannin har aka gano maɓoyarsu. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗanda aka juya tsoron azaba ne ya karya su, don haka ba a iya raba hanyoyin biyu tsaf. Amma wannan aiki ne na makonni da haƙuri, ba shi da kama da labarin bam mai sauran sa'a guda.

Sa'an nan ga abin da aka biya. Kusan kowane gida a Kasba yana da wanda aka kama ko ya ɓace. A Disamba 1960 mazauna unguwannin nan da aka ce an ladabtar suka cika tituna ɗauke da tutar FLN, duniya na kallo. A Faransa kanta ra'ayin jama'a ya rabu, a Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ƙasar ta rasa abin faɗa. Rundunar da aka saba wa aiki a bayan doka ta koma ta juya wa gwamnatinta: a Afrilu 1961 wasu janar-janar suka yi yunƙurin juyin mulki a Alje, sojojin laima na sahun gaba. An sa hannu a yarjejeniyar Evian ranar 18 ga Maris 1962, Aljeriya ta samu ƴanci a Yuli. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Bayan shekara arba'in

Dokokin afuwa na 1962 da 1968 sun rufe ƙofar shari'a, har sai 1999 majalisar Faransa ta yarda a kira abin da ya faru da sunan yaƙi. A Yuni 2000 jaridar Le Monde ta buga shaidar Louisette Ighilahriz, wadda aka azabtar a 1957. Janar Massu, wanda a littafinsa na 1971 ya kare azabar a matsayin lalura, ya amsa a wannan karo cewa ba dole ba ce a lokacin yaƙi, kuma da an iya yi ba tare da ita ba. Wannan furuci ya fito ne daga bakin mutumin da ya jagoranci aikin, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Janar Paul Aussaresses bai yi nadama ba. A littafinsa na 2001 ya amsa cewa shi ya sa aka rataye Ben M'hidi, shi ya ba da umarnin kashe Boumendjel. A 2002 kotu ta ci shi tarar Yuro 7,500. Laifin da aka kama shi da shi shi ne yabon laifukan yaƙi, domin afuwa ta hana a tuhume shi da ainihin abin da ya aikata. Shi ne kuma ya koyar da dabarun Alje ga hafsoshi a Amurka da Brazil, dabarun da gwamnatocin soja na Kudancin Amurka, musamman na Ajantina, suka yi amfani da su a kan ƴan ƙasarsu a shekarun 1970.

Amincewar hukuma ta zo a makare. Ranar 13 ga Satumba 2018 Shugaba Emmanuel Macron ya je gidan Josette Audin, ya amsa da sunan Faransa cewa sojoji ne suka azabtar da mijinta har ya mutu ko suka kashe shi, kuma wani tsari da doka ta ba dama ne ya jawo haka. Ta jira shekara 61, ta rasu bayan ƴan watanni. A 2021 aka amsa kisan Boumendjel, a 2024 na Ben M'hidi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma iyalan dubban da suka ɓace ba su samu ko kabarin ziyarta ba.

Hujjar kuwa ba ta mutu ba. Ta sake tasowa a Amurka bayan harin 11 ga Satumba 2001, har ma'aikatar tsaron ƙasar ta nuna wa jami'anta fim ɗin Gillo Pontecorvo na 1966 kan yaƙin Alje a 2003. A Disamba 2014 kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa hanyoyin gallazawa da hukumar CIA ta bi ba su kasance ingantacciyar hanyar samun bayani ba.

Kammalawa

Tambayar bam mai jiran tashi tana samun ƙarfinta daga abubuwan da take ba mai amsa kyauta: tabbacin cewa wanda aka kama shi ne mai laifin, cewa ya san wurin, cewa zai faɗi gaskiya kafin lokaci ya ƙure, kuma cewa daga shi ba za a sake ba. A Alje ba a samu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cike ba. Mai bincike ba ya sanin abin da ke cikin kan mutum sai bayan ya azabtar da shi, saboda haka dole ya azabtar da masu yawa domin ya dace da ɗaya. Bugu da ƙari, azabtarwa sana'a ce mai bukatar gwanaye da ɗakuna da kayan aiki, da likitan da zai duba ko mutum zai iya ƙara jurewa, da alƙalin da zai kau da kai, da kakakin da zai yi ƙarya. Ƙasar da ta tanadi waɗannan domin rana ɗaya tak za ta sami dalilin amfani da su kowace rana.

Wannan ne ya sa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Hana Azabtarwa, wadda aka amince da ita ranar 10 ga Disamba 1984 kuma Nijar ta shiga a 1998, ta toshe kowace kafa a sashenta na 2: yaƙi ko barazanar yaƙi ko rikicin siyasa ko dokar ta-ɓaci ba sa zama uzuri, haka ma umarnin shugaba. Sashe na 5 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981 shi ma ya haramta ta. Waɗanda suka tsara waɗannan dokoki sun san akwai bama-bamai a duniya. Sun kuma san abin da ya faru a inda aka bar ƙofa a buɗe.

Ga malamin da ɗalibansa za su jefa wa wannan tambaya a aji, labarin Teitgen ya fi dogon wa'azi amfani. Bai san bam na biyu ba zai tashi ba. Da ya tashi, da an ɗora masa alhakin rayuka, kuma ya san da haka lokacin da ya ƙi. Ƙin azabtarwa yana da farashi, wani lokaci mai tsada. Abin da Alje ta nuna shi ne farashin yarda da ita: mutum 3,024 a lissafin jami'i guda, a birni guda, cikin ƙasa da shekara guda.